Ƙwarya Mai Jan Zare

Kun taso kuna jin ana cewa babban yayanku ya girma a Gidan Rumji ne saboda al'ada, wai ɗan fari na kaka ne, uwa ba ta da ta cewa. Ni ma haka nake amsa muku in kun tambaya, don amsar tana da sauƙi kuma ba ta taɓa kowa. Amma ba haka aka yi ba. Kakarku Iya ba don al'ada ta ɗauke shi ba. Zaɓi ta ba ni, na kuma zaɓa ina cikin hankalina. Yanzu da ita da babanku duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ni ma idona ya fara gajiya da takarda, gara in rubuta muku tun ina iyawa.

Shekarar da aka ba ƙasa mulkin kai ce. Da damina aka yi shagalin, aka sauke tuta aka ɗaga wata, mu dai a Gazawa abin da muka fi gani shi ne gyaɗa ta yi kyau. Babanku lokacin shi ne kumi a filin awon gyaɗa na wani kamfani, wato shi ke zama gefen ma'auni da alƙalami. Gidanmu yana bayan filin, katanga ɗaya ta raba mu, katangar kuwa ta tsage daidai wajen murhuna. Ba zan ɓoye muku ba, ta wannan tsagar na san kowa a filin. Na san Baba Tanko, sarkin 'yan dako, wanda in ya yi tari jakuna ke ɗaga kunne. Na kuma san Lawali mai ɗinkin buhu, dogo siriri, basillarsa kullum a soke a hula. Lawali yana da farfaɗiya tun yana yaro, kowa ya sani. A wancan zamani an yarda ana ɗaukar ciwon ta yawu da kumfar baki, don haka in ta kayar da shi sai a ja baya a jira ta sake shi, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, sannan a ƙona kara a inda ya faɗi. Yana da ƙwaryarsa shi kaɗai, a rataye a ƙusa jikin rumfa. Shi da kansa ya ɗinka mata jan zare a baki don kada wani ya ɗauka da kuskure. Lokacin abinci 'yan dako su kewaye akushi ɗaya, shi a ɗiba masa a ƙwaryar ya koma gefe. Ban taɓa ganin ya ɓata rai ba, sai ma ya tsokane su.

“Ku yi ta wawaso, talakawa! Duk ƙasar nan ni da Bature kwamanda ne kaɗai ke cin abinci ba hannun kowa a ciki.”

“To ai kwamandan zai tafi gida, Lawali.”

“Sai ku riƙa gaishe ni da kyau, saura ni.”

In ya zo ƙofar gidanmu neman ruwan sanyi, yakan miƙo ƙwaryar da hannu biyu, ya yi ƙasa da ita nesa da jikinsa, ni kuma in tsiyaya masa daga sama yadda moɗata ba za ta taɓa ba. Wannan shi ne abin da nake jin kunyarsa har yau, domin ni na san gaskiya. Kafin a yi mini aure na yi lakol, wato makarantar boko, har shekara uku a kolej, kuma a ajinmu akwai wata yarinya da ta taɓa faɗuwa ana tsakiyar darasi. Muka watse muna ihu. Madam ɗin da ke koya mana ta durƙusa, ta juya ta gefe ɗaya, ta share mata baki da mayafinta, sannan ta mayar da mayafin wuyanta. Ta ce mana ba a ɗauka, ciwo ne a cikin kai, kuma akwai ƙwayar da ke kwantar da shi. Na rubuta wannan a littafi, na ci jarrabawa da shi. Da na zo gidan miji sai na ajiye shi tare da littafin a ƙasan adaka, na yi yadda kowa ke yi.

Ranar da abin ya faru ina tuƙa tuwon rana. Ba ihu na ji ba, shiru na ji. Filin da ba ya rabuwa da hayaniya ya yi tsit, sai muryar Baba Tanko yana cewa a ja baya, kada kumfar ta taɓa kowa. Na leƙa, ban ga komai ba sai bayan mutane sun yi da'ira a bakin kwamin da ake shayar da jakuna. Ashe Lawali ya je ɗibar ruwan alwalar azahar, ta kayar da shi da fuskarsa a cikin kwamin. Ruwan bai kai idon sawu ba. Suka tsaya suna jira ta sake shi kamar kullum. Wannan karon bai tashi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta babanku ya shigo, ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba. Na kawo abinci bai duba ba.

“Ina tsaye, Rabi,” ya ce. “Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Da na ja ƙafarsa kawai.”

Na ce, “Ai ba a ɗauka.”

Ya ɗago ya dube ni. “Wa ya ce?”

Na ba shi labarin madam da mayafinta.

“Tun kina kolej kika sani?”

“Tun lokacin.”

“Shekara uku kina leƙen filin nan ta wajen murhu, kina ganin yadda muke yi da shi, ba ki taɓa faɗa mini ba?”

Ban ma san ya san da tsagar ba.

Lawali ya bar mata ɗaya, Tsahara, da ɗiya ɗaya mai shekara tara, ita ma ciwon yana kayar da ita. Ita ce Barira, wadda kuke kira Gwaggo Barira. Akwai kuma wata al'ada a filin da ake ce wa sharar ma'auni. Duk gyaɗar da ta zube wajen awo da ɗinki, in la'asar ta yi sai a share, a sheƙe, 'yan dako su raba. Baturen kamfanin bai taɓa tambayarta ba, ita ce kuɗin miyarsu. Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha a filin, babanku ya faɗa musu abin da na gaya masa, ya ce akwai magani amma sai an saya a Maraɗi, kuma ba na sha ɗaya ba ne, na kullum ne. Ina wajen murhu ina ji. Baba Tanko ya daɗe yana murza gemu.

“Ni ne babba, ni na ce a ja baya,” ya ce. “Ko Kumi ya yi gaskiya ko bai yi ba, mun tsaya mun kalli mutum ya mutu a ruwan jaki. Daga yau har a rufe awo, sharar ma'auni ta Lawali ce. A yi wa ɗiyarsa magani.”

Wani daga baya ya ce, “To Baba, mu miyar gidanmu fa?”

“Matarka ta kaɗa kuka kamar ta kowa. Ko ka fi ni ciki ne?”

Aka yi dariya kaɗan, aka wuce wurin. Sai dai gyaɗar shara farfasassa ce, ga yashi, in an kai ta kasuwa haka ba ta da daraja. Inna Kulu, matar Baba Tanko, ita ta ce a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. Gidanmu ya fi kusa, don haka a nan aka kafa kasko. Mata huɗu ke zuwa da safe da taɓarensu, mu soya, mu murje, mu daka, mu matse tunkuza har hannu ya yi kanta. Ƙulin ya karɓu, don Inna Kulu tana da hannun yaji. Da abin ya taru babanku ya ɗauki Barira a kamiyon kamfani, wato babbar motar kaya, ya kai ta wajen likita, ya dawo da ƙananan fararen ƙwayoyi da takarda. Likita ya ce safe da yamma, kada a tsallake ko rana ɗaya, in an fara an yanke ya fi ba a fara ba. Ya ce za ta iya faɗuwa a farko kafin jikinta ya saba. Tsahara tana takaba, ba ta fita, ba ta kuma karatu. Babanku yana bin kamiyo kasuwannin ƙauye har wajen Agye, wani lokaci ya kwana biyu. Takardar sai ta faɗo hannuna. Kullum Barira ta zo da hantsi da kuma bayan la'asar, riƙe da ƙwaryar ubanta mai jan zare, ta haɗiye ƙwaya ta koma. Matan suna amsa gaisuwarta da fara'a, amma kowacce tana jan tabarmarta.

A sati na uku ta faɗi a tsakar gidanmu, taku ɗaya daga kaskon mai yana tafasa. Ban yi tunani ba. Na fizgo ta, na juya ta gefe, na riƙe kanta a cinyata har jikinta ya saki, na share mata baki da gefen zanena. Yayanku, wanda ban fi wata biyu da yaye shi ba, ya tsorata yana kuka. Na jawo shi na rungume, na share masa majina da hawaye. Da wannan gefen zanen.

“Rabi!” in ji Inna Kulu. “Yaron!”

Kafin in gane abin da take nufi, matan sun kwashi taɓarensu. Washegari aka dawo da tiren ƙuli daga kasuwa yadda aka kai shi, wai na gidan Kumi ne, kumfa ta shiga man. Labari kuma ya hau kamiyo ya wuce Maraɗi. Kwana biyar sai ga Iya da ƙullin kayanta a ka.

Ku da kuka san ta da tsufa kun san ba mace ce mai faɗa ba. Ta sha ruwa, ta yi salla, ta ɗauki jikanta ta duba idonsa, ta duba harshensa, ta shinshina kansa. Sannan ta kira ni da harshenta na Gobir.

“Ke ɗiyar lakol, abin da ni ji gaskiya na? Mi kinka shahwa ma yaron ga?”

Na durƙusa na yi mata bayani, har na ɗauko tsohon littafina daga adaka na nuna mata. Ta dubi rubutun kamar yadda ake duban tururuwa.

“Ke kin karanta takarda,” ta ce. “Ni na bizne biyar. Shida ni haihwa, mijinki kaɗai ya tsaya. Ba ni yin gardama da ke. Ko ɗiyar ga ta bar shigowa gidan ga, ki bar taɓa ta, ko in tahi da yaron gobe. Ki zaɓa.”

Babanku yana zaune kansa a ƙasa. Ba zai iya ɗaga murya gaban uwarsa ba, ni ma ban so ya ɗaga ba. Da muka keɓe ya ce ko yarinyar ta riƙa zuwa fili shi ya ba ta. Na tambaye shi ranar da yake Agye fa. Na aika gida uku na matan 'yan dako ko wata za ta karɓi ƙwayar in koya mata da tsinke, ɗaya na safe ɗaya na yamma. Kowacce ta aiko da gaisuwa da ba da haƙuri. Kuma na san wani abu da ban faɗa wa kowa ba. Gidanmu ne ya ce ba a ɗauka. In gidanmu ya rufe wa Barira ƙofa, maganar ta mutu a Gazawa, sharar ma'auni ta koma miya, yarinya ta koma jiran nata kwamin. Na yi sallar la'asar na daɗe a kan tabarma. Ban roƙi Allah Ya nuna mini daidai ba, don ina jin na san daidai ɗin. Roƙonsa nake Ya sa Iya ta sauko.

Washegari da hantsi Inna Kulu ta zo gaida Iya, suna zaune a inuwa, yayanku yana wasa da murfin kwano a gabansu. Sai ga sallamar Barira. Ba ta shigo ba. Ta ji abin da ake ciki, gari ƙarami ne. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙo ƙwaryar da hannu biyu, ta yi ƙasa da ita nesa da jikinta, don in tsiyaya daga sama. Ba wanda ya koya mata sai ido. Na ga Lawali tsaye a wurin.

Na ce, “Shigo, Barira.”

Na karɓi ƙwaryar daga hannunta, na zuba furar da na dama, na ba ta ƙwaya ta haɗiye ta kora. Ta rage kusan rabi. Na ɗauka na kafa baki daidai inda ta sha, kan jan zaren, na shanye. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba don jarumta na yi ba. Ina tsammanin in Iya ta ga na sha ban faɗi ba, za ta yarda. Lissafin 'yar lakol ke nan. Ita abin da ta gani shi ne uwar jikanta ta sha ciwo da gangan.

Ta tashi ta ɗaure ƙullinta, ta sunkuya ta goya yaron. A bakin ƙofa ta juyo.

“Ban yi hushi da ke ba,” ta ce. “Allah Shi ba ki gaskiya.”

Kun san yadda kunyar ɗan fari take a lokacinmu. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban surukai, balle in yi kuka don an tafi da shi. Babanku ya ɗauki ƙullin ya raka su tasha. Yaron yana leƙe ta ƙarƙashin hammatar Iya, murfin kwanon nan yana hannunsa. Ni kuwa na hura wuta na ɗora gyaɗa, na yi ta juyawa har ta ƙone ban sani ba. Barira ce ta sauke kaskon.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Inna Kulu ta shiga zuwa kullum, yau aron rariya, gobe aron gishiri, tana kallon bakina da hannuwana. Na gane ƙirga mini kwanaki take yi. Ni kaɗai nake soyawa da dakawa, babanku kuma ya ɗauki ƙulin da aka ƙi ya ajiye gefen ma'auni, kowace safiya yana gurgura da ƙarfi gaban manoma. Rana ta uku Baba Tanko ya miƙa hannu ya ɗauki guda.

“In na faɗi, Kumi, kai za ka ɗaga ni,” ya ce. “Ka kuwa san nauyina, kai ke rubutawa.”

Da na cika kwana arba'in ban faɗi ba, Inna Kulu ta shigo da taɓaryarta a kafaɗa, ba ta ce komai ba sai, “Matsa, wannan dakan naki na 'yan boko ne.” Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta dawo. Da aka rufe awo 'yan dako ba su karɓi shararsu ba, suka ce a bar ta haka, aka riƙa kiranta rabon Lawali. Shekaru ana yi. Mutane suka fara kawo nasu daga ƙauyuka, waɗanda ake ɓoyewa a ɗaki, har wani Bafulatani ya kawo ƙanensa a kan sa. Ba kowa maganin ya yi wa aiki ba, kuma ba kowa ya daina jan tabarma ba. Amma ba a sake ƙona kara a filin nan ba, har fari ya zo ya kashe awon gyaɗar gaba ɗaya. Barira faɗuwarta ta yi ta raguwa, ta yi aure, ta haihu, kuma ita ta yi wa kowannenku wankan farko ranar haihuwa, ban da ɗaya.

Shi ɗin sai da ya isa shiga lakol Iya ta dawo da shi, shekara biyar ke nan. A tsakani ina zuwa Gidan Rumji da salla. Iya tana karɓata da mutunci, ta yanka mini kaza, amma shekara biyun farko kwanona daban, kuma ba ta bari ya ci a hannuna. Na zauna gefe da abincina ina kallon su a akushi ɗaya, na san abin da Lawali ya rufe da wasa. Yaron yana ce mini matar Gazawa. Ranar da ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida yana kuka yana neman innarsa, ina tsaye a gabansa.

Kada ɗayanku ya riƙe Iya a zuciya. Ta yi abin da ta sani don ta tsare jininta, kuma ta rene shi da kyau, kun ga mutumin da ya zama. Bai taɓa saɓa mini ba. Shi ya kai ni Makka, shi ya gina ɗakin da nake zaune nake wannan rubutu. Amma ku kuna ce mini Inna, shi Hajiya yake cewa, kuma in ya zo gaishe ni a bakin ƙofa yake durƙusawa, kamar mai gaida surukuwa. An sha tambayata ko da za a mayar da ni wannan hantsin zan sake. Ina jin zan sake karɓar ƙwaryar. Shan ne ban sani ba, wataƙila da na bari sai Iya ta juya baya.

Ƙwaryar tana nan a ƙasan adakata, Barira ta ba ni ita ranar aurenta. Ta tsage a gefe, zaren ya koɗe ya koma kalar ƙasa. In Allah Ya karɓi raina, kada ku sa ta cikin kayan rabo. Ku ba yayanku, tare da waɗannan takardu, shi ya fara karantawa. Ba na neman ya ce na yi daidai. So nake ya san inda shekarunsa biyar suka tafi.